Harshe ne ya kori Vilma Banky daga fim, ko ita ce ta ajiye da kanta?

Malam Sadisu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan ina bin tsoffin finafinan bebaye, wato waɗanda aka yi kafin a iya haɗa murya da hoto, na kuma ci karo da wata mata da labarinta ya tsaya mini a rai. Sunanta Vilma Banky, 'yar ƙasar Hangare. An haife ta a wani ƙaramin gari da ake kira Nagydorog ranar 9 ga Janairu 1901, ta tashi a Budapest inda mahaifinta yake aikin gwamnati. Ta fara fim a Turai tun 1919, ta yi a Hangare da Jamus da Ostiriya. A 1925 babban furodusan nan na Amurka, Samuel Goldwyn, ya je Budapest ya gan ta, ya ba ta kwantiragi, ta bi jirgin ruwa zuwa Amurka ba ta jin Turanci. Cikin shekara biyu ta fito tare da manyan mazan Holiwud na lokacin, Ronald Colman da Rudolph Valentino. Ana fara fim mai magana kuma sai ta yi ƙasa, zuwa 1933 ta bar harkar baki ɗaya.

Abin da ake yawan faɗa shi ne lafazinta ne ya kashe ta, bakinta ya yi nauyi da Turanci. Ita kuwa ta ce sha'awar ce ta fita daga ranta, gidan mijinta take so. Ni dai na fi karkata ga cewa sana'ar ce ta canza a ƙarƙashin ƙafarta, ita kuma ta ƙi tsayawa a wulaƙanta ta. Me kuke gani?

Nura Waziri:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, me ya haɗa mu da Baturiyar da ta yi fim shekara ɗari da suka wuce?

Maman Hanifa:
Nura, zauren tarihin fim ne ai. Makon jiya kwana biyu muka yi a kan finafinan Indiya na da, ba ka ce komai ba. Malam ku ci gaba, muna saurare.

Baba Isyaku Mai Majigi:
Nura ɗana, bari in gaya maka abin da ya haɗa mu. Na yi shekaru ina haska fim a gidan sinima. Na ga ɗaki cike da mutane, babu mai jin Indiyanci ko guda, amma idan yarinya ta ɗaga ido ta kalli uwarta sai ka ji wurin ya yi tsit, wani dattijo ma yana share hawaye da bakin riga. Fuska ce ta yi magana. To a zamanin ita wannan mata, fuskar ita ce sana'ar gaba ɗaya. Babu murya ko kaɗan, sai ɗan rubutu da ake sakawa tsakanin hoto da hoto, sai mai kaɗa piyano ko ƙungiyar makaɗa a gaban allo. Idan za a kai fim ɗin wata ƙasa, rubutun kawai za a yanke a liƙa na harshensu. Shi ya sa 'yar Hangare za ta iya zama tauraruwa a Amurka ba ta san yadda ake cewa ina kwana da Turanci ba. Ranar da aka ce sai an ji murya, an rufe wannan ƙofar.

Nura Waziri:
Na gamsu Baba. Allah ya ƙara girma.

Habibu na Pech:
Malam Sadisu kun taɓo inda nake. Ina karatu a garin Pech a kudancin Hangare, kuma lardin Tolna inda Nagydorog take maƙwabcinmu ne. A nan Banky Vilma suke cewa, don su sunan iyali suke fara kira. Asalin sunanta ma Koncsics Vilma, a baki kamar Konchich.

Zan ƙara abu biyu. Na farko, ba haka kawai ta bar gida ba. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Hangare ta shiga wani hali. A 1919 'yan gurguzu sun karɓi mulki na 'yan watanni, suka mayar da kamfanonin fim hannun gwamnati, da suka faɗi kuma waɗanda suka zo bayansu suka bi mutane da ramuwa. A 1920 yarjejeniyar Trianon ta yanke wa ƙasar wajen kashi biyu cikin uku na faɗinta. Masu fim da yawa suka watse zuwa Biyana ta Ostiriya da Balin ta Jamus: Alexander Korda, Mihaly Kertesz wanda ya koma Michael Curtiz a Amurka, Bela Lugosi. Ita ma wannan hanyar ta bi, har ta fito da ɗan wasan barkwancin Faransa Max Linder a wani fim da aka yi a Ostiriya a 1924. Wato lokacin da Goldwyn ya same ta ba sabuwar shiga ba ce, ta yi shekara biyar zuwa shida a gaban kyamara.

Na biyu, maganar harshe. Wanda bai zauna da mutanen nan ba ba zai gane nisan harshensu da Turanci ba. Ba dangin Jamusanci ba ne, ba dangin Rashanci ba, danginsa na nesa su ne harsunan Finland da Estoniya. Kowace kalma a gaɓar farko suke danna ta. Ba su da sautin "w", sai su mayar da shi "v". Ba su bambanta "shi" da "ita", kalma ɗaya ce. Malamanmu masu digiri uku har yau sukan ce "shi" ga mace idan suna Turanci. To ku ɗauki mace mai shekara kusan talatin, a ce ta gyara duk wannan cikin 'yan watanni, a gaban makirfo irin na 1929.

Maman Hanifa:
Habibu na gode, amma ni ban yarda harshe ne kaɗai ba. Greta Garbo fa? 'Yar Suwidin ce, lafazinta ya fito fili, amma da ta yi magana a Anna Christie a 1930 sai ma ta ƙara ɗaukaka. Marlene Dietrich Bajamushiya a wannan shekarar ta shigo Holiwud da nata lafazin. Shi kansa Lugosi da ka ambata, ɗan ƙasarsu ne, kuma da wannan nauyin bakin ya yi Dracula a 1931 duniya ta san shi. Idan lafazi ne ke kashewa, me ya sa bai kashe su ba?

Ni abin da na gani, mace ce ta samu miji tana son sa, ta tara abin da ta tara, ta ce ya isa. Mu daina mayar da kowace mace da ta bar aiki abar tausayi. A watan Yuni 1927 ta auri ɗan fim Rod La Rocque a Beverly Hills. Goldwyn ne ya ɗauki nauyin bikin, darakta Cecil B. DeMille ne babban abokin ango, aka yi shagalin da har mutane suka riƙa cewa talla ce kawai, auren ba zai kai ko'ina ba. Shekara 42 suka yi tare, sai mutuwa ce ta raba su a 1969. A Holiwud fa. Wadda ta riƙe aure haka, idan ta ce gida ta zaɓa, ni na gaskata ta.

Malam Sadisu:
Hajiya hujjarku mai ƙarfi ce, ba zan raina ta ba. Amma ku duba irin rawar da kowannensu yake takawa. Garbo tun a fim ɗin bebe baƙuwa ce mai wuyar sha'ani, mace mai duhun al'amari, to murya mai kauri da baƙon lafazi sai suka dace da abin da 'yan kallo suke tsammani. Lugosi kuwa dodo ne daga Turansilbaniya, lafazin ma shi ne adon. Ita Vilma fa? A The Dark Angel na 1925, fim ɗinta na farko a Amurka, 'yar Ingila ce. A The Winning of Barbara Worth na 1926, 'yar Amurka ce tsantsa, wadda ta tashi a hamadar yammacin ƙasar. Mutane sun saba ganin ta a matsayin tasu. Da ta buɗe baki suka ji ba tasu ba ce, sai hoton da ke ransu ya tsage.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Fim ɗinta na farko da aka ji muryarta shi ne This Is Heaven a 1929. Me aka ba ta? 'Yar ci-rani daga Hangare mai suyar fanke a gidan abinci a New York. Wato an rubuta labarin ne don a ba lafazinta uzuri. Daga wannan fim Goldwyn bai sake sa ta a fim ɗin kamfaninsa ba. Na gaba, A Lady to Love a 1930, a kamfanin MGM aka yi shi. Abokin wasanta Colman kuwa, wanda suka yi fim biyar tare, a wannan 1929 ɗin Goldwyn ya sa shi a Bulldog Drummond, muryarsa ta Ingilishi ta zama jarinsa, ya ci gaba har ya ci Oska daga baya. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Wannan ba zaɓinta ba ne Hajiya.

Maman Hanifa:
To Malam, ai kun ce ta yi A Lady to Love bayan nan. Ashe ba a rufe mata ƙofa ba ke nan.

Malam Sadisu:
An bar ta a buɗe kaɗan. Na kalle shi jiya da dare. Ita ce ma'aikaciyar gidan abinci da wani manomin inabi Ba'italiye ya nemi aurenta ta wasiƙa, ya aika mata hoton yaron aikinsa matashi a maimakon nasa. Edward G. Robinson ne manomin, daraktan kuma Victor Sjostrom ɗan Suwidin. Gaskiya ana gane maganarta sarai, ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Muryar ma tana da daɗi. Amma ana ganin tana lissafa kalmomi, kamar mai taka ƙasa da ƙaya. Hankalinta ya koma baki, fuskar da ta saba yin aikin ta ɗan daskare. An yi wani na Jamusanci na wannan fim ɗin a lokaci guda, ita ce dai a ciki, don a shekarun nan kamfanoni sukan ɗauki fim ɗaya sau biyu ko uku da harsuna daban kafin a ƙware a ɗora murya.

Baba Isyaku Mai Majigi:
Wannan daskarewar da Malam ya faɗa ba laifinta ba ne ita kaɗai. Farkon zuwan sauti, kyamara tana da ƙara, sai aka kulle ta cikin wani akwati kamar ɗaki don kada makirfo ya ɗauki ƙarar. Makirfon kuma a ɓoye shi cikin tukunyar fure ko bayan fitila, ɗan wasa ba shi da halin matsawa nesa da shi. A da darakta yana yi wa ɗan wasa magana ana cikin ɗauka, yana cewa juyo, ɗaga ido, yanzu ki tuna an yaudare ki. Har makaɗa ake ajiyewa a gefe su tayar musu da shauƙi. Sauti na zuwa aka ce kowa ya yi shiru. Wanda ya koyi sana'a a waccan hanyar, an ƙwace masa rabin kayan aikinsa rana ɗaya.

Usman Gidado:
Ku gafarce ni, zan ɗan karkata. Kowa yana yabon fim ɗinta da Valentino, The Son of the Sheik na 1926, ni kuwa na kalla raina ya ɓaci. Larabawan da ke ciki ba Larabawa ba ne, mafarkin Bature ne: rawani, doki, wuƙa, sace mace. A hamadar Yuma ta jihar Arizona aka ɗauka. Littafin wata 'yar Ingila ce ta rubuta, E. M. Hull, kuma tun a fim na farko, The Sheik na 1921, an bayyana cewa shi shehin ma asalinsa Bature ne, don kada 'yan kallo su ji haushin Baturiya ta so Balarabe. Ita Vilma ta fito a Yasmin mai rawa. Jarumin ya zarge ta da cin amanarsa, ya ɗauke ta da ƙarfi zuwa tantinsa, fim ɗin ya nuna a fakaice cewa ya keta mata haddi, daga ƙarshe kuma wai soyayya. Ta yaya za mu zauna muna yabon wannan?

Maman Hanifa:
Usman ka faɗi gaskiya, wannan wurin ni ma ya tsaya mini a wuya. Ban ga soyayya a ciki ba ko kaɗan.

Malam Sadisu:
Ban musa ba, ƙanena. Labarin yana da wannan aibin, kuma irin hoton da ya shuka game da Larabawa da Musulmi ya daɗe yana yawo a finafinan Amurka. Ba labarin nake yabo ba. Amma ka koma daidai wurin da ka ambata, inda kyamara ta matso kan idanunta yana tunkaro ta. Babu kalma ko ɗaya, babu rubutu. Tsoro da ƙiyayya da raunin zuciyar wadda aka yi wa ƙazafi duk suna cikin idon nan. Idan akwai abin da ya tona asirin muguntar wannan wurin, idonta ne. Ita ba ta rubuta labarin ba, 'yar kwantiragi ce, abin da aka ba ta take yi. A cikin abin da aka ba ta kuwa ta faɗi gaskiya.

In kana son ganin ta a labari mai sauƙi a rai, nemi The Eagle na 1925, wanda Clarence Brown ya ba da umarni. An ɗauko shi daga labarin Dubrovsky na marubucin Rasha Pushkin. Valentino ya shiga gidan maƙiyin mahaifinsa a matsayin malamin Faransanci don ɗaukar fansa, sai ya faɗa son 'yar gidan, ita ce Vilma. A nan za ka ga tana da raha, ba kuka kaɗai ta iya ba.

Usman Gidado:
Zan nema Malam. Amma ina nan a kan bakana game da wancan.

Nura Waziri:
Tambaya: shi Valentino ya tsallake zuwa fim mai magana?

Habibu na Pech:
Bai kai ba. Ya rasu ranar 23 ga Agusta 1926 a New York yana da shekara 31, bayan tiyatar gyambon ciki da ya fashe. The Son of the Sheik shi ne fim ɗinsa na ƙarshe, an sake shi ko'ina bayan rasuwarsa, mutane suka yi ta tururuwa. The Jazz Singer da ya buɗe zamanin magana sai Oktoba 1927 ya fito. Wato Vilma ce jarumarsa a finafinansa biyu na ƙarshe, kuma su ne suka fi riƙe sunanta har yau.

Baba Isyaku Mai Majigi:
Dalilin da ya sa su biyun suka riƙe sunan shi ne sun tsira. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai a duk maganar nan. Faifan wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, yana kama wuta kamar fetur, in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi, in an ajiye shi kuma ya daɗe sai ya narke ya zama gari. Kamfanoni da suka ga magana ta zo, sai suka ɗauka fim ɗin bebe ya zama shara. Wasu aka narkar don a cire azurfar da ke jiki, wasu gobara ta cinye a ɗakunan ajiya, kamar ta kamfanin Fox a 1937. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan bebaye na ƙasar sun ɓace kwata-kwata. Yawancin na Vilma suna cikin waɗanda suka salwanta ko suka rage guntu-guntu. Muna gardama a kan gwanintarta ne da ɗan abin da ya rage a hannu.

Ni na ga irin wannan da idona. Gwangwanayen fim da muka haska, aka jibge a wani ɗaki, zafi ya dafa su har suna warin tsami, ranar da aka sayar da ginin aka kwashe aka zubar. Ban ɗauki ko ɗaya ba, har yau ina jin ciwon abin.

Maman Hanifa:
Allah sarki Baba.

Malam Sadisu, na ji hujjarku a kan Goldwyn, na karɓi rabi. Na yarda ba ita ta fara ja da baya ba. Amma ku ma ku karɓi nawa rabin. Tana jin Jamusanci. Ɗan wasan Jamus Emil Jannings da ya ci Oska ta farko ta gwarzon namiji, da magana ta zo ai tattarawa ya yi ya koma Jamus ya ci gaba da fim. Ita ma ta je Turai ta yi The Rebel da Luis Trenker, wanda ya fito a 1933, ka ga hanya a buɗe take. Amma daga shi ba ta ƙara ba. Ta dawo Los Angeles, mijinta daga baya ya koma dillancin gidaje da filaye, ita kuma ta kama wasan golf ta ƙware a kai. Shekara 58 ta rayu bayan fim ɗinta na ƙarshe ba ta nemi komawa ba.

Habibu na Pech:
Anti, ku tuna wace shekara ce 1933 a Jamus. A watan Janairunta Hitler ya hau mulki, masu fim suna fitowa ne daga ƙasar, ba shiga ba. Jannings da ya zauna ya yi wa gwamnatin Nazi finafinai, bayan yaƙi aka hana shi aiki. Hanyar da kuke cewa a buɗe take, ba hanyar da mai hankali zai so bi ba ce.

Maman Hanifa:
Wannan kam ban yi tunaninsa ba. Ka yi gaskiya Habibu.

Malam Sadisu:
Akwai abin da na ajiye ban faɗa ba, don shi ne ya sa na buɗe maganar. Ba su haihu ba ita da mijinta. Bayan rasuwarsa ta yi shekara fiye da ashirin ita kaɗai, ta kafa gidauniyar tallafin ilimi da sunansu su biyu. Ta rasu ranar 18 ga Maris 1991 a wani gidan jinyar tsofaffi a Los Angeles tana da shekara 90. Duniya ba ta ji ba sai a 1992, fiye da shekara guda bayan nan. An ruwaito cewa ita ce ta bar wa lauyanta wasiyya kada a sanar, saboda ciwon da ta ji na rashin masu zuwa duba ta a shekarunta na ƙarshe. An ƙone gawarta aka watsa tokar a teku, inda aka watsa ta mijinta.

Hajiya, matar da jaridu suka yi wa laƙabi da sunan kiɗan ƙasarta, wadda 'yan sanda suka riƙa tare jama'a ranar aurenta. Wadda ba ta damu da an manta da ita ba, ba za ta bar irin wannan wasiyya ba.

Maman Hanifa:
Ko kuma ba 'yan kallo take jira ba Malam, mutanen da ta sani take jira. Tsohuwa mai shekara 90 a gadon jinya ba tafi take nema ba, wanda zai zauna kusa da ita ya riƙe mata hannu take nema. Wannan ba ruwansa da fim. Akwai irinta a unguwanninmu da ba su taɓa ganin kyamara ba.

Malam Sadisu:
Haka ne Hajiya. A nan ba ni da abin cewa.

Nura Waziri:
Ni da na fara da ƙorafi, ga shi na sauke The Winning of Barbara Worth ina kallo. Wane ne dogon saurayin nan mai doki da yake son ta a ɓoye?

Baba Isyaku Mai Majigi:
Gary Cooper ke nan, yana ɗan shekara 25, rawarsa ta farko mai nauyi. A hamadar Black Rock ta Nevada suka yi zaman ɗaukar, cikin zafi da guguwar ƙura. Ka jira wurin ambaliyar, inda kogin Colorado ya ɓalle ya bi garin. Kada ka kalla a waya ɗana, ka sa a babban allo, ka kashe fitila.

Habibu na Pech:
Idan an yi hutun ƙarshen zango zan hau mota in je Nagydorog, ba nisa sosai daga nan. Zan ɗauko muku hotunan garin in sa a zaure.

Maman Hanifa:
Allah ya kai ka lafiya. Ka tambayi tsofaffin garin ko iyayensu sun taɓa ba su labarinta.